Mi Sunka Ce? Nazarin Yinin Rediyo a Gwandu da Kalgo

Duk ɗalibin da ya shiga ajin adabi, abu na farko da ake karanta masa shi ne adabin Hausa ya kasu gida biyu, watau na baka da rubutacce, kowanne kuma yana da 'ya'ya uku: zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Wannan rabo ya yi mana amfani ƙwarai, ba kuwa nufina ba ne in rushe shi a 'yan shafukan nan. Sai dai akwai wani baƙo da ya daɗe zaune a zauren Bahaushe wanda rabon bai shimfiɗa masa tabarma ba, shi ne maganar rediyo. Rubuta ta ake yi, amma ba don ido ba. Da baki ake faɗinta, amma mai faɗin ba ya ganin mai sauraro, balle ya gyara zance in ya ga fuska ta yamutse. Ga shi kuwa Hausar da ke shiga kunnen manomin Kalgo ko telan Gwandu ta akwatin rediyo a yini guda ta fi wadda zai karanta a littafi a shekara, in ma yana karatun boko ke nan.

Saboda haka a hutun da ya wuce na ware 'yan kwanaki ina sauraro tun daga asuba har dare, da littafi da biro a hannu, wani lokaci a garinmu Gwandu, wani lokaci a Kalgo wurin gwaggona. Ban kulle kaina a ɗaki ba, na zauna ne inda ake sauraren: teburin mai shayi, da rumfar tela, da tsakar gida. Ma'aunina kuwa guda ɗaya ne tak: shin maganar da ke fitowa daga akwatin nan, don kunnen mutumin da ke zaune gabanta aka yi ta, ko don wani dabam? Mai karatu zai lura ban kama sunan wata tashar gida ba inda nake suka. Da gangan na yi haka, don kuwa abin da zan faɗa ba cutar tasha ɗaya ba ce.

Kafin mu shiga yinin, ya kamata mu san waɗanda ke magana a cikinsa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma sai a 2007. An yanko Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, ta kuwa sami gidan rediyonta, sa'an nan dokar 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi, abin da a hankali ya cika sararin Arewa da tashoshin FM. Ba a rasa ragi kuma: a watan Maris na 2025 shirye-shiryen Muryar Amurka suka tsaya cik bayan umarnin shugaban ƙasarsu, Donald Trump, na san dattijon da ya sake batir har sau biyu kafin ya yarda ba akwatinsa ba ne ya lalace. Abin lura a nan shi ne, mutumin Gwandu ba ya auren tasha ɗaya. Shi da kansa yake ɗinka yininsa da yatsa, ya yago daga London, ya yago daga Kaduna, ya yago daga Birnin Kebbi. Wannan ɗinkakken yini shi ne matanin da nake nazari.

LABARAI

Da ƙarfe 6:30 na safe, an fito masallaci, shayi ya tafasa, sai a kama London. Daga nan har wajen ƙarfe 8 labarai ne ke bin labarai. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane daraja a yinin, ana yi wa yaro tsawa in ya yi motsi, mai karanta labarai kuwa shi ne sarkin ma'aikata a kowace tasha. To, amma a nan ne na sami Hausar da ta fi kowace nisa da kunne.

Ga irin jimlar da nake nufi. Ba ta wata tasha ba ce, ni na harhaɗa ta daga abin da kunne ya saba ji, na kuma tabbata mai karatu zai gane ta kamar yadda ake gane ɗan unguwa: "Gwamnati ta jaddada aniyarta ta ɗaukar dukkan matakan da suka dace wajen ganin an tabbatar da samar da ingantaccen yanayi ga masu ruwa da tsaki a ɓangaren noma domin bunƙasa tattalin arziki." Kalma 32 ke nan, kowace Bahaushiya ce ko ta daɗe da zama Bahaushiya, ba wadda za a nema a ƙamus a rasa. Amma wa ya yi me? Aikin da aka aikata a zahiri guda ne, watau "jaddada", shi ma magana ce ba aiki ba. Sauran duk an daskarar da su sun koma sunaye, an jera su ɗaya na goye da ɗaya: ɗaukar, ganin, samar da. Hausa kuwa harshe ne mai son aikatau da gajeruwar gaɓa: wane ya zo, ya ce kaza, aka yi kaza. Jimlar nan rigar Hausa ta sa, amma ƙashinta na Turancin ofis ne.

Shaidar da ta fi ƙarfi ba a littafina take ba, a bakin masu sauraro take. A teburin shayin da nake zama a Gwandu, kusan duk sa'ad da aka gama labaran jiha sai wani dattijo, wanda kunnensa ƙalau yake, ya juyo ya ce da ni, "Kai ɗan boko, mi sunka ce?" Wata rana kafin in buɗe baki sai mai shayin ya riga ni, ya ce, "Baba, taki na nan tahe, amma ba su hwaɗi rana ba." Dattijo ya ce, "To, awa bara." Kalma 11 suka ɗauke abin da aka yi minti biyu ana karantawa, har da abin da aka ɓoye a ciki. Ashe labaran da aka fassara daga Turanci zuwa Hausa sai an sāke fassara su daga Hausa zuwa Hausa kafin su isa inda aka aike su. Mai shayin nan, a ganina, ya fi cancantar albashin tafinta.

Akwai kuma 'yan maganganun da aka ɗebo ɗanye daga Turanci har kunnenmu ya daina jin warinsu. Mutane ba sa rasuwa a rediyo, sai dai su "rasa rayukansu", kamar wanda ya yar da makulli. Babban malami ko basarake sai a ce ya "taka muhimmiyar rawa" wajen sulhu, ba a tuna abin da rawa take nufi ga mai rawani. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce "a wani ci gaban kuma", sa'an nan a biyo da labarin kwalekwale ya kife da mutane. Ina ci gaban? "A wani labarin kuma" tana nan, ba a biyan ko kwabo kafin a yi amfani da ita.

Kada a ce na zama mai ganin baƙi kaɗai. Ɗakunan labaran nan su ne maƙerar kalmomin zamani ta Hausa, sun kuwa ƙera waɗanda za su daɗe: jirgi mai saukar ungulu, tauraron ɗan'adam, yaƙin cacar baka, tsagaita wuta, ƙuri'ar raba gardama, ɗumamar yanayi. Ko ma wa ya fara faɗinsu, rediyo ce ta kai su ƙauye. Dubi "saukar ungulu": wanda ya ƙago ta bai tambayi me Bature ya ce ba, ya tambayi me Bahaushe zai gani. Wannan ita ce fassara. Na kuma san ma'aikacin da aka miƙa wa takardar sanarwar ma'aikata saura minti goma a shiga ɗakin watsawa ba shi da sukunin ƙira, bin Turancin zai yi layi layi don kada a ce ya sauya maganar gwamnati. Uzuri ne, amma uzurin ba ya sa dattijon nan ya fahimta.

Abu na biyu game da labaran gida shi ne jerinsu. Ba nauyin labari ke sa shi gaba ba, muƙamin mai labarin ne. Gwamna tukuna, sa'an nan mataimaki, sa'an nan majalisa, sa'an nan kwamishinoni, kamar jerin hawan salla. In ruwa ya ci gonaki, sai labarin ya jira har wani babba ya je jaje, a lokacin ne zai shigo, shi ma a matsayin labarin ziyarar babban. Sakamakon haka shi ne mai shayin Gwandu ya san abin da ake ciki a Gaza da Ukraine filla-filla, albarkacin tashoshin waje, amma nawa aka sayar da buhun gero a kasuwar Jega, sai ya jira direba ya dawo.

HANTSI ZUWA AZAHAR

In hantsi ya yi, maza sun watse, akwatin ya koma hannun mata. A Kalgo na yi wannan sauraro, gwaggona na shanyar shinkafar da ta turara, rediyo na rataye a ƙusa. Filayen mata da na lafiya ne ke cika wannan lokaci, niyyarsu kuwa kyakkyawa ce. Illarsu ita ce baƙon da ake gayyatowa. Likita ne ko jami'ar jinya, ya san aikinsa, amma da Turanci ya koye shi, rabin maganarsa kuwa da shi take fitowa, mai gabatarwa kuma kunya ko tsoro ya hana shi ya ce, "Likita, mene ne wannan da Hausa?" Gwaggo ta saurara ta saurara, ta ce da ni, "Ɗan nan, wanga likita da mu shika magana, ko da 'yan'uwanai likitoci?"

Ana gama wannan sai ga tallar mai maganin gargajiya. Jama'a, in ana neman Hausa mai rai, a zo nan. Ga kirari, ga karin magana, ga jerin cututtuka da aka tsara su da amsa-amo kamar baitin waƙa: basir da sanyi da shawara da daji, duk kwalba ɗaya. Yana kiran mai sauraro "ɗan'uwana", yana kwatanta masa ciwon da ke cikinsa har ya ji kamar an leƙa. Likita ya yi rabin sa'a ba a gane shi ba, wannan ya yi minti ɗaya an haddace lambar wayarsa. Mai gaskiya ba shi da baki, mai baki kuma ba wanda ya binciki kwalbarsa. A nan batun salo ya wuce gardamar ɗalibai a aji, don kuwa matar da ke da kumburi a nono, wanda ta fahimta shi za ta bi.

Nau'in da ban taɓa jin an yi nazarinsa ba, alhali ya fi kowane tsari, shi ne sanarwa. Sanarwar rasuwa tana da ginshiƙanta da ba sa sauyawa: a buɗe da istirja'i, a faɗi mamaci da unguwarsa, a faɗi abin da ya bari na mata da 'ya'ya da jikoki, a faɗi lokacin jana'iza da wurinta, a rufe da addu'a. Cigiya kuma darasi ce a kan siffantawa: bijimi fari mai baƙin kunne, ƙahonsa na hagu ya karye; yaro ɗan shekara shida, sanye da shuɗiyar riga, yana da tabo a goshi. Ba kalma ɗaya ta banza. Ban taɓa jin an gama sanarwar rasuwa wani ya ce "mi sunka ce" ba. Dalili kuwa a fili yake: da Hausa aka yi tunaninta tun farko, wanda ya kawo ta kuma yana matuƙar so a gane.

Filin noma ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake ya kamata a ce shi ne babban fili a ƙasar da shinkafa ta ɗaukaka. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babbar maganar mai noman rani a fadama ita ce kuɗin man injin ban-ruwa. Wanda na saurara an sa shi ne da hantsi, lokacin da mai gona ke gona, baƙon kuma jami'i ne daga ofis. Sau ɗaya aka miƙa wa wani manomi abin magana ya yi bayanin yadda yake gane tsutsa ta shiga karan shinkafa tun kafin ganye ya nuna. Minti biyu aka ba shi, su ne kuwa minti biyun da suka fi kowane amfani a filin.

HAUSAR WA?

Da la'asar ake buɗe layukan waya, a nan ne kuma muryar ƙasar take shigowa akwatin a karo na farko tun asuba. Sai ka ji "munka" da "sunka" da "anka", ka ji "shina" da "wanga" da "wagga", ka ji "ɗiya" da "biyat" da "ya zaka". Filin gaishe-gaishe, jikan Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, cike yake da laƙabi da kirari da barkwancin taubasai, mutum ya gai da mutum 20 cikin numfashi uku. 'Yan boko suna raina wannan fili, su ce ɓata lokaci ne. Ni kuwa ina ganin shi ne kaɗai wurin da mutumin Dalijan ko Kambaza ko Diggi yake jin sunan garinsu a iska ba tare da wani bala'i ya auku ba.

Amma a lura da abin da ke faruwa in filin na muhawara ne. Mai kira zai fara da harshen gidansu, mai gabatarwa, wanda watakila unguwarsu ɗaya, ya amsa masa da daidaitacciyar Hausa. Kafin jimla ta uku sai ka ji mai kiran ya fara gyara baki, "munka" ta koma "muka", "shina" ta koma "yana", hujjarsa kuma ta fara tuntuɓe, don mutum ba ya iya auna kalma da auna magana a lokaci guda. Kafin ya farfaɗo katinsa ya ƙare, ko a ce masa lokaci ya yi. Ba wanda ya hana shi karin harshensa da doka. Yinin ne gaba ɗaya ya koya masa cewa maganar hankali da wata Hausa ake yinta.

Mun san tarihin wannan Hausa. Turawa sun ɗora rubutun boko a kan karin Kano, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939 ta bi wannan hanya, Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ƙara ƙarfafa ta. Ba na jayayya da amfanin haka. Da ita nake rubuta wannan maƙala, ba don ita ba kuwa da ɗan Damagaram da ɗan Kumasi ba su karanta jarida ɗaya ba. Tashar da ke magana da Hausawan duniya daga London ko Bon, dole ta nemi tsakiya. Tambayata ita ce, tashar da siginarta bai wuce 'yan ƙananan hukumomi ba, wa take tsoron kada ya kasa gane "sunka"? Ƙa'idar da aka yi don takarda, me ya kai ta bakin mai magana da maƙwabcinsa?

Abin ya fi ciwo in aka tuna inda muke. Gwandu ita ce mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a nan hubbarensa yake. Waƙoƙin Hausa na masu jihadi, har da na Nana Asma'u, da wannan karin na yamma aka rubuta su cikin ajami, tun ba a san za a yi boko ba. Watau harshen da yau ake jin kunyarsa a gaban makirfo, ya daɗe da zama harshen ilmi a rubuce. Har yanzu kuma in tashar ta ga dama ta sa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Sani Ɗandawo, ba wanda ke cewa a gyara musu baki, kowa cewa yake Hausa ta yi Hausa. An yarda da karin in da kotso ko kalangu a bayansa, an ƙi shi in zance ne tsura. Ban ma taɓo Fulfulde ba, wadda ke da masu ita da yawa a ƙasar Gwandu da Kalgo, amma rabonta a yinin da na saurara bai fi a ce an yi ba.

Filayen siyasa da ake saya da kuɗi, waɗanda masu yinsu aka laƙaba wa sojojin baka, su kam ba ruwansu da ƙa'ida. Zambo ne da habaici irin na maroƙa, sai dai babu ganga. Akwai gwaninta a ciki, ana kuwa sauraronsu fiye da labarai. Abin da ya raba su da maroƙin fada shi ne, shi maroƙi kowa ya san ubangidansa, kuma ba ya sauya shi kowane zaɓe.

WASAN KWAIKWAYO

Na zo ga abin da ya fi shafarmu mu ɗaliban adabi. Wasan kwaikwayon Hausa na zamani rediyo ce ta yi renonsa. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, mai Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sun bi ta iska kafin su zauna a takarda, haka ma Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Iyayenmu har yau in aka ambaci Samanja Mazan Fama sai sun murmusa. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023, Banufe ne kuma tsohon soja, ya ɗauki Hausar bariki, wadda malamin nahawu zai ja wa jan biro daga farko har ƙarshe, ya gina mutum sukutum da ita. Ana dariyar Samanja, amma ana sonsa, don yana da zuciya da wauta da mutunci a haɗe, kamar kowa. Ba wanda ya san abin da zai yi mako mai zuwa, shi ya sa ake komowa.

To, me na tarar? Da farko dai wasa ya yi ƙaranci, sai an yi farautarsa, yawanci ƙarshen mako. Inda a da ake wasa, yanzu karanta littafin soyayya ake yi, mutum ɗaya na sauya murya, don ya fi araha. Ba na raina wannan, mata na binsa ƙwarai, kuma gasar Hikayata da BBC ta fara a 2016 ta nuna gajeren labari na iya zama da gindinsa a rediyo. Amma karatu dabam, wasa dabam.

Wasannin da na samu kuwa kusan duk wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyinsu don isar da saƙo: rigakafi, ko awon ciki, ko sa yara mata makaranta. Zan ba da tsarin ɗaya, wanda ya ji shi ya ji sauran. Maigida ya hana matarsa zuwa awo. Maƙwabcinsa malamin makaranta ya ba shi shawara, ya ƙi. Matar ta galabaita, aka kwashe ta sai asibiti. Jami'ar jinya ta yi jawabin minti huɗu wanda ba mahalukin da ke magana haka, har da "kashi kaza cikin ɗari". Maigida ya yi nadama, mai unguwa ya zo ya maimaita jawabin, aka sa kiɗa. Minti 15. Tun daga sallamar farko yaran gidan gwaggo suka faɗa mini ƙarshensa. Ba a ba maigidan dalili ko ɗaya na ƙin da ya yi ba, ba kuɗin mota, ba nisan asibiti, ba wulakancin da aka taɓa yi masa a can, ba maganar uwarsa. Jahili ne kurum, don marubucin na bukatar jahili. Mutumin da ke hana matarsa awo a gaske yana da dalilansa, ko da gurɓatattu ne, in kuwa bai ji su a bakin ɗan wasan ba, ba zai ga kansa a ciki ba, zai ce da wani ake.

Ga kuma inda maganar karin harshe ta dawo da ƙarfinta. A wasan nan, maigida jahili shi ne mai "munka" da "hwaɗi", har ana ƙara masa gishiri don a yi dariya. Malamin makaranta da jami'ar jinya kuwa daidaitacciya suke yi tsantsa. Mun saba ganin haka a finafinan Kano, inda Basakkwace yake zuwa a matsayin baƙauye abin dariya, muna haƙuri muna cewa ba su san mu ba. Amma a ce a ƙasar Kabi da Gwandu, 'yan wasan gida, su tsaya gaban makirfo su koya wa yaro cewa harshen kakarsa shi ne harshen duhun kai? Saƙon rigakafin watakila ya shiga, watakila bai shiga ba. Wannan saƙo na biyu kam, wanda ba wanda ya biya kuɗinsa, yana shiga kowane mako.

Ta fuskar sana'a ma akwai gyara. Wasan rediyo da sauti ake gina masa ɗaki: sallama daga nesa, ƙarar ƙyaure, lugude, kukan akuya, kurɓar fura. A abin da na ji, kowa tsaye yake wuri ɗaya a gaban makirfo, kasuwa da ɗaki da asibiti duk amonsu ɗaya, sai mai ba da labari ya shigo ya ce "bayan kwana uku a asibiti". Sau biyu na ji ƙarar juya takarda. Ji Ka Ƙaru na Muryar Jamus ya fi su tsabtar aiki nesa, amma shi kuma an rubuta shi ne don a juya shi cikin harsunan Afirka da yawa, saboda haka mutanensa ba su da gari, ba ka jin ƙurar wata kasuwa da ka sani a muryarsu.

Kada a ɗauka ina cewa wasa mai saƙo ba ya yiwuwa. Tatsuniya ma saƙo gare ta. A Ingila akwai wasan rediyo mai suna The Archers, wanda BBC ta fara watsa wa ƙasa baki ɗaya a 1951 da nufin cusa wa manoma dabarun noma bayan yaƙi. Ya wuce shekara 70 ana yinsa, don marubutansa sun gina ƙauye guda da gidajensa da gabarsa da aurensa, dabarar noman kuwa ta riƙa shigowa a gefen zance. Mu ma ba mu rasa ƙauye ba, ba mu kuwa rasa labari ba. Ga manomin da ya ci rance ya zuba a fadama, ambaliyar 2020 ta shafe gonar a dare ɗaya, masu bin bashi na ƙofa, ɗiyarsa kuma an sa ranar aurenta. Ga mai gidan haya a Kalgo da ɗaliban jami'ar tarayya da suka cika masa gida da baƙin ɗabi'u, yana son kuɗinsu ba ya son zamansu. Ga ɗan kasuwar da aka rufe wa iyakar Kamba a 2019, aka sāke rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, rabin danginsa na wancan ƙetare. Ga manomi da makiyayi da suka yi ƙuruciya tare, yau burtali ya shiga tsakaninsu. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kowa na da gaskiyarsa, ba a bukatar jahili, kuma likita da alƙali da malami duk suna iya cewa "munka", kamar yadda suke faɗi in sun koma gida.

Ƙungiyarmu takan shirya wasan dandamali, mu yi wata guda muna gwaji, a kalla dare ɗaya a zaure, shi ke nan ya wuce. Ina ba shugabanni shawara bana a gwada na kunne: minti 15, 'yan wasa huɗu ko biyar, a ɗauka da waya a tsakar gida na gaske inda turmi da kaji za su yi nasu aikin, kowa ya yi magana da karin garinsu, sa'an nan a kai wa tashoshin Birnin Kebbi kyauta a ga ko za su ƙi. Kafin nan muna bukatar abin koyi, tsofaffin wasannin kuwa ba a littafi suke ba. Duk wanda ya san akwai kaset ɗin Samanja ko na wani wasan rediyo na da a akwatin mahaifinsa, don Allah ya aro mana shi ya kawo wa sakataren ƙungiya, za mu juye mu mayar masa da abinsa.